Inda Allura Take Tsayawa

Shekara talatin da wani abu ina jin kiɗan jaz ta bango, kuma da farko ba da son raina ba. Shagon maigidana na gyaran agogo a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana buɗewa tsakar gida dab da kicin ɗina. Bayan kantarsa akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da kujeru uku, da garmaho a kan tsohon teburi, da faya-fayai jere cikin akwatin katako. Kowace Asabar da la'asar sai ya rufe ƙofar titi, abokansa biyu su shigo ta tsakar gida suna gaishe ni. Akwai Tela, siririn mutum mai tsabta, wanda ba ka rasa allura soke a wuyan rigarsa. Akwai Dogo, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan sitiyarin motar kaya, har yau kuma da muryar cikin mota yake magana. Su suna kiran maigidana Agogo. Ni ce Uwargida, mai kawo shayi.

Zaman nasu yana da dokoki sai ka ce kotu. Kafin a ɗora faifai, maigida zai buɗe babban agogon bango ya tsayar da lilonsa da yatsa, wai ƙas-ƙas ɗinsa yana yi wa mai ganga katsalandan. Tela ne mai goge faifai, da wani ƙyalle mai laushi da ya yanko daga ragowar ɗinki. Dogo ba a yarda ya taɓa komai ba, aikinsa ya zauna. Babbar dokar kuwa ita ce muddin allura tana kan faifai, ba mai magana. Ko tari ne ya taso maka, sai dai ka haɗiye shi ko ka fita da shi tsakar gida. Ni kaina in na kawo shayi na tarar ana ciki, a bakin ƙofa nake tsayawa da tire a hannu ina hararar ƙeyoyinsu har a gama.

"Manyan mutane da furfura," nakan ce in an ɗaga allura, "kun yi tsit kamar an yi muku mutuwa, wai kuna sauraron wani yana kuka da ƙaho."

"Ba kuka yake ba, Uwargida," in ji Tela. "Magana yake."

"To me ya ce?"

"Da abin yana faɗuwa da baki, ai da bai wahalar da kansa da hura ƙarfe ba."

Sai dai kunne ba ido ba ne da za ka rufe. Ina yanka albasa, ina wanke-wanke, ina goyon Auta, kiɗan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, har na wayi gari na san shi fiye da muryar wasu dangina. Akwai faifai ɗaya da suka fi so, wanda kwalinsa ya ci wuya har an liƙe gefensa da gam. A jikinsa hoton wani mutum ne cikin kwat, ido rufe, ƙaho a baki. Su huɗu ne makaɗan, kuma sunayensu suna nan a bayan kwalin, amma a ɗakin nan da kayan kiɗansu ake kiransu, kamar maƙwabta. A wani ƙaramin zaure aka ɗauki kiɗan tun kafin a haife ni, da mutane a zaune, don kana jin ƙarar kofi a kan teburi, a wani wurin ma wata mata tana dariya can baya. Maigida ya ce da wuya in akwai sauran mai rai a cikinsu, har matar mai dariya.

Mai piyano in ka fara jinsa sai ka ce malalaci ne. Zai taɓa nan, ya yi shiru, ka ɗauka ya tafi shan ruwa, sai ya dawo ya ajiye sauti ɗaya daidai inda zuciyarka take jiransa. Akwai mai babban goge, irin wanda ya kai tsayin mutum ana jan tsirkiyarsa da yatsu. Shi yana can ƙasa yana tafiyarsa, ba gaggawa ba tsayawa. Mai ganga ba dukanta yake ba, da wata 'yar tsintsiyar waya yake shafa fatar, kamar mai sharar ɗaki ana barci. Da an ɗaga allura kuwa gardama ta ɓarke, iri ɗaya kowane mako.

"Ku dubi mai piyanon nan," Tela zai fara. "Ba ya ɓarnar yadi. Abin da ake buƙata shi yake yankawa."

"Bar wannan zance," in ji Dogo. "Mai babban goge shi ne injin. Cire shi ka gani in motar za ta motsa."

Maigida shi na mai ganga ne. "Mutumin nan akwai agogo a ƙirjinsa," yakan ce, "amma agogo mai numfashi. Zai ja baya ɗan kaɗan da gangan, ya kuma cimma lokacin ba ka ji ya yi gudu ba. Ni in na yi wa agogo haka, washegari mai shi zai dawo min da shi."

Ni mai ƙaho nake so. Ban ga dalilin gaya musu ba, kada kansu ya ƙara girma.

Faifan yana da tabo. Da shi ya zo, tun ranar da Dogo ya samo shi wurin wani mai gwanjo a wata doguwar tafiya. A fuskar faifan ta biyu akwai waƙa mai sanyi wadda mai ƙaho yake shigowa cikinta ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyin abin da zai faɗa, sannan ya riƙa hawa a hankali. Daidai lokacin da zai kai ƙololuwa, sai allura ta faɗa tabon ta koma baya. Sautin nan guda uku ya yi ta maimaituwa, yana hawa yana dawowa, ba zai wuce ba sai an taimake shi.

Taimakon aikin maigida ne, shi kaɗai. Tela ya taɓa gwadawa allura ta tsallake rabin waƙar, aka yi wata guda ana yi masa tsiya. Maigida kuwa, da hannun nan nasa da yake ɗaukar sukurun da ni ko ganinsa ba na yi, zai miƙa manuniya ya ɗan taɓa kan allurar, taɓawar da ko ƙuda ba za ta kora ba. Nan take mai ƙaho ya haura, ya riƙe dogon sautin nan da yake sa ni ajiye wuƙa a kicin. Kuma ba ya hanzari. Sai ya bar shi ya maimaita sau uku tukuna.

Na taɓa tambayarsa dalili, muna cin abinci. "Mutum yana wahala a gabanka, kana kallo?"

"Tambaya yake yi," ya ce. "In ka amsa wa mutum tun bai rufe baki ba, ai ba ka saurare shi ba."

Haka muka tsufa. Auta ta girma ta yi aure ta kama aiki a wani ofis, gashin Dogo ya ƙare, idon Tela ya fara neman tabarau, faifan yana nan yana tsayawa a inda ya saba. Sai wata safiya maigida yana zaune a bayan kantarsa, gilashin gyara maƙale a idonsa, matsefatar da yake ɗaukar ƙananan sukurori da ita ta suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, bai taso ba. A asibiti suka ce shanyewar ɓarin jiki ce, ɓarin dama.

Ya dawo gida a keken guragu, baki ya ɗan karkace, hannun dama a kwance kan cinya. Likita ya ce harshen ya yi nauyi amma magana ba ta tafi ba, hannun ma bai mutu ba, motsa shi ake so. Aka haɗa mu da wata mai gashin ƙashi, mace mai haƙuri, tana zuwa gida da 'yar ƙwallon roba. Ta sa masa a tafin hannu ta ce ya matsa, shi kuwa ya kalli bango har ƙwallon ta gangara ƙasa. Da abin ya yi yawa ta ja ni tsakar gida ta gaya min gaskiya: in bai fara motsa hannun a 'yan watannin nan ba, yatsun za su ƙandare a naɗe, kuma shi ke nan.

Maganar ma ya daina. Da farko yana ƙoƙari, har ranar da wani tsohon mai kawo gyara ya zo dubiya. Maigida ya yi masa sannu da zuwa, kalmar ta fito a murɗe, mutumin ya juyo ya ce min, "Me yake cewa?" a gabansa, kamar ba ya wurin. Daga ranar ya rufe bakinsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke sa masa riga, kuma ina gani a idonsa kowace loma ɗaci take masa. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba, don na gane ba hannun ne kaɗai yake ƙandarewa ba. A shago agogunan suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya, ba mai murɗa makullinsu ya ba su wani, har gidan ya yi shirun da ban san shi da shi ba.

Tela da Dogo ba su daina zuwa ba. Su zauna bakin gado, Dogo yana ɗaga murya kamar kunnen ne ya shanye, Tela yana ba da labarin masu ɗinkin da ba sa zuwa karɓa. Ba wanda ya ambaci faifai. Suna ganin kamar zai zama fami.

Auta ce ta yi tunanin kiɗan, kuma da zuciya ɗaya ta yi. Ta zo wata ranar hutu da wata 'yar lasifika mai kamar gwangwanin madara, ta zauna kusa da mahaifinta tana latsa waya.

"Baba, na samo maka mutanenka. Wannan faifan naku ne sak, amma an wanke shi tas. Saurara ka ji."

Ba zan yi ƙarya ba, abin ya ba ni mamaki. Kamar an buɗe tagar da ta shekara a rufe. Na ji yatsun mai babban goge suna goga tsirkiya, na ji ashe yana ɗan gunaguni da bakinsa yana bin kiɗan, abin da ban taɓa ji ba duk tsawon shekarun nan. Matar mai dariya kamar a kujerar kusa da ni take. Na ji mai ƙaho yana jan numfashi kafin ya fara, numfashin mutum mai rai. Na ce a raina, waɗannan bayin Allah sun san aikinsu, sun kuma yi shi da gaskiya, ba su san wata tsohuwa za ta zauna a bakin gadon mara lafiya tana jinsu ba.

Da waƙar mai sanyi ta zo, na saci kallon maigida. Idonsa a rufe. Mai ƙaho ya fara hawa, jikina ya shirya wa tsayawar da na saba, sai na ga manuniyarsa ta dama ta ɗaga daga kan bargo. Kaɗan ne, amma ta ɗaga. Mai ƙaho kuwa bai tsaya ba, ya haura abinsa sumul ya riƙe dogon sautinsa. Yatsan ya koma ya kwanta. Maigida ya juyar da fuskarsa bango, bai sake juyowa ba har aka gama.

"Ka ji, Baba? Babu tsayawar nan mai ban haushi," in ji Auta. Da bai motsa ba ta biyo ni kicin, ido ya cika da ƙwalla. "Mama, ko dai ba ya gane kiɗan ne yanzu?"

"Yana ganewa," na ce. "Ya fi ki ganewa, ya fi ni."

Na ɗora tukunya ina juya abin a raina. Mun ɗauke masa cokali, mun ɗauke masa maɓallin riga, mun ɗauke masa shago. Duk da ƙauna muka yi, amma babu abu ɗaya a gidan nan da yake jiransa. Yau kuma mai ƙahon da ya shekara talatin ba ya wucewa sai da izninsa, ya zo ya wuce ta gabansa ko waiwaye babu.

Washegari na saka mayafina na nufi shagon Tela. Can ƙarshen layinmu yake, tsakanin mai facin taya da mai sayar da fenti, wurin da kullum ruwan kwata yake taruwa sai ka tsallaka ta kan bulo. Na tarar da shi a kan keke, Dogo a bencin bakin ƙofa yana taya shi da surutu. Na zayyana musu abin da na gani da abin da nake so.

Tela ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. "Uwargida, anya wannan ba cin fuska ba ne? A zaunar da mutum gaban abin da ya fi kowa iyawa, alhali an san ba zai iya ba?"

"Wa ya sani?" na ce. "Kai ka ga yatsan ko ni?"

"In ya kasa fa, a gabanmu?"

"In ya kasa, ni zai tsana, ba ku ba. Na yarda."

Dogo ya yi gyaran murya. "Ni ina da shawara. In aka ɗora tsohon kwabo a kan allurar, nauyin zai sa ta wuce tabon da kanta. Sai ya ji kiɗansa cikin kwanciyar hankali, ba a wahalar da kowa ba."

"Dogo," na ce, "in ka shigo min gida da kwabo, kai da shi za ku fita ta ƙofa ɗaya. Shekara nawa aikinka zama ne? To ranar Asabar ma ka zauna."

Ranar Asabar na share ɗan ɗakin, na kaɗe ƙurar akwatin faya-fayai, na hau kujera na ba babban agogon bango wani yadda na ga yana yi. Da la'asar ta yi na tura keken maigida. Da ya ga inda muka dosa ya sa ƙafarsa mai lafiya ya tokare ƙasa, ya ɗaure fuska tamau. Na yi kamar ban gani ba, na ɗaga gaban keken na tsallake dokin ƙofa. Na ajiye shi yadda teburin garmaho yake daidai gefensa na dama, inda hannun hagu ba zai kai ba sai ya faɗo. Ya kalli teburin, ya kalle ni. Ya gane sarai.

Abokansa suka shigo a ɗarare, Auta ta zauna a 'yar kujerar tsuguno kusa da ƙofa. Kujerar maigida tana nan ba kowa, sai na ajiye tiren shayi na zauna a kanta, karo na farko a rayuwata. Tela ya zaro faifan ya goge shi da ƙyallensa. Zai ɗora allura ke nan maigida ya yi wani ƙugi a maƙogwaro. Muka dube shi. Idonsa yana kan agogon bango mai ƙas-ƙas, daga nan ya mayar da shi kan Tela.

"Afuwa, Agogo," in ji Tela, ya tashi ya tsayar da lilon.

Allura ta sauka. Hucin nan na tsohon faifai ya cika ɗakin, kofi ya yi ƙara a kan teburin mutanen da suka daɗe da tafiya, mai piyano ya ajiye sautinsa na farko. Bai kai na wayar Auta tsabta ba ko kusa, amma namu ne. Ban taɓa jinsa daga cikin ɗakin ba, sai ta bango ko daga bakin ƙofa, ashe a nan mai babban goge har a tafin ƙafa kake jinsa. Dogo ya lumshe ido yana gyaɗa kai, Tela yana bin mai piyano da yatsa a kan gwiwarsa. Maigida ya kafa wa ƙasa ido.

Mai ƙaho ya shigo ƙasa-ƙasa. Ya hau, ya ƙara hawa, allura ta faɗa tabon.

Sautin nan uku ya dawo. Ya sake dawowa, ya sake. A nan ne maigida ya saba miƙa hannu. Hannun yana kwance a kan cinyarsa bai motsa ba. Mai ƙaho ya ci gaba da tambayarsa, yana hawa yana faɗowa, har na daina ƙirgawa. Abin da yake da daɗi sau uku, in ya yi yawa azaba ne, kamar famfo yana ɗiga a cikin bokiti. Gumi ya keto wa Dogo a goshi, ya ɗaga kai yana kallon rufi. Tela ya damƙe ƙyallensa. Auta ta yunƙura za ta tashi, na cafke wuyan hannunta na riƙe gam, ta dube ni kamar ba ta san ni ba.

Maigida ya ɗago ya kalle ni. Rabon da in ga fushi irin wannan a idonsa tun muna yara, kuma na yi murna da shi, don wata da watanni ba abin da nake gani a idon sai toka. Duk da haka zuciyata ta kusa karyewa. Na ce a raina, ke wace irin mace ce, kin tara wa miji abokansa su kalli kasawarsa? Ƙafata har ta motsa zan tashi in ɗaga allurar in ba shi haƙuri. Na danne ta, na mayar masa da kallon.

Kafaɗarsa ce ta fara motsi. Hannun ya ja kan cinya, ya zame ya faɗi gefen keke yana lilo. Auta ta toshe bakinta. Ya kai hannun hagu ya tallafo gwiwar hannun daman, ya ɗaga shi kamar kayan wani, ya ɗora a bakin teburi. Jijiyar wuyansa ta tashi, numfashinsa yana fita da ƙarfi ta hanci. Daga nan hannun hagu ba ya iya ƙarasawa, sai dai na daman ya tafi da kansa. Yatsun suka ja jiki a kan katakon, a naɗe, suna karkarwa. Manuniya ta miƙe, ta kai kusa da kan allurar, ta kauce, ta dawo.

Ya taɓa. Ba taɓawarsa ta da ba ce, ƙarfin ya yi yawa. Allura ta yi ƙara ƙiii a kan faifan, ta yi tsalle, ta sauka. Sai ga mai ƙaho a ƙololuwa, a tsakiyar dogon sautin nan, yana riƙe da shi kamar bai taɓa tsayawa ba.

Dogo ya miƙe tsaye, kujerarsa ta bugi bango. "Agogo! Wallahi ka yi, na rantse da idona na..."

"Shiru."

A murɗe ta fito, da nauyi, amma ba wanda ya tambayi me ya ce. Maigida yana hararar Dogo, ya nuna faifan da haɓarsa: allura tana kai. Dogo ya koma ya zauna a hankali, ya cusa hularsa a baki. Ni da Auta kukan ma sai bisa doka muka yi shi, ba sauti, hawaye kawai. Mai ƙaho ya sauko sannu a hankali ya miƙa wa mai piyano, mai ganga ya share sauran, mutanen zauren suka tafa, matar nan ta yi dariyarta.

Da Tela ya ɗaga allura ba wanda ya fara gardamar da aka saba. Ya ɗauki faifan ya kai bakin taga ya karkata shi a haske, ya daɗe yana dubawa.

"An samu sabon tabo," ya ce a hankali. "Ga shi nan, gaba da tsohon kaɗan."

"Wayyo, ya lalace," in ji Auta tana share fuska.

"Zan nemo wani," in ji Dogo. "Ko ina yake zan nemo."

Maigida ya girgiza kai. Ya motsa baki sau biyu kafin kalmar ta yarda ta fito, kuma muka jira shi, ba wanda ya ƙarasa masa.

"Mayar."

Tela ya mayar da allura farkon waƙar. Shayi ya huce a tire, ban ko kula ba. Da aka zo tsohon tabon ya sha wuya kamar ɗazu, amma allurar ba ta yi ƙara ba. Mai ƙaho ya haura, ya riƙe sautinsa, ya fara saukowa, sai ya tsaya cik a wurin da bai taɓa tsayawa ba, yana maimaita wasu sauti biyu da ban taɓa lura da kyansu ba. Auta ta juyo ta dube ni. Ni hannun nake kallo. Bai koma kan cinya ba, yana nan a bakin teburi kusa da faifan, yana ɗan rawa.

Ya bar shi ya maimaita sau uku, sannan ya taɓa.